Taki da Madarar Roba: Nazarin Wata Gona da Aka Ninka wa Taki Amma Kofi Bai Cika Ba

Gonar da wannan nazari ya shafa matsakaiciya ce, mallakar mutum ɗaya, kuma yanayin ƙasarta ya raba ta gida biyu. Akwai ɓangaren tudu, inda rairayi ya yi yawa kuma ruwa ba ya daɗewa a cikin ƙasa, akwai kuma ɓangaren kwari, inda ƙasar ta fi duhu da laka. Iri ɗaya aka dasa a ɓangarorin biyu, wato RRIM 600, wanda cibiyar binciken roba ta Malesiya ta samar kuma ya bazu a ƙasashe da dama. A shekara ɗaya aka yi dashen, da tazara ɗaya, kimanin bishiya 500 a kowace hekta. Bambancin da mai gonar bai ɗauka da muhimmanci ba a lokacin shi ne tarihin filin. Tudun ya taɓa ɗaukar tsohuwar gonar roba wadda aka sare, aka kwashe gungumenta, aka ƙone sauran itacen, alhali kwarin ya daɗe yana hutawa, kuma bayan dashe an shuka masa tsirrai masu yaɗo dangin wake a tsakanin layuka.

Shekarun farko na tatsa, wato tsaga ɓawon bishiya a tari madararta, sun tafi yadda ake fata. Daga baya sai abin da ake tarawa a tudu ya fara ja da baya, jimillar gonar ta ragu, kuma mai gonar ya yanke hukuncin da kusan kowane manomi zai fara yankewa, cewa ƙasa ce ta gaji. Ya ninka takin zamanin da yake sawa, ya zaɓi haɗin da naitrojin ya fi yawa a ciki, ya ƙara da yuriya, sannan ya watsa wa gonar baki ɗaya ba tare da bambanta tudu da kwari ba. Ya yi haka damina biyu a jere. Bishiyoyin sun yi kore shar, rassa sun yi nauyi, duk wanda ya ratsa ta wajen zai yaba. Amma busasshiyar robar da ake aunawa a ƙarshen wata ba ta ƙaru yadda za ta biya kuɗin takin ba, iskar farkon damina ta karya rassa da yawa a kwari, kuma a tudu adadin bishiyoyin da ake tsagawa ba su ba da ko ɗigo ba ya ci gaba da hauhawa. A nan ne aka nemi a binciki lamarin.

Abin da madarar roba take ɗauka daga ƙasa

Kafin a duba gonar kanta, ya wajaba a daidaita fahimta a kan abin da ake tatsa, domin kuskuren mai gonar daga nan ya faro. Madarar da ke fita daga ɓawon bishiyar roba, wato Hevea brasiliensis, mafi yawanta ruwa ne, kuma robar da ke cikinta takan kai kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Ita kuwa robar kanta sinadarin kabon ne da haidirojin kawai, ba ta ɗauke da naitrojin ko fosfaras ko fotashiyam a gininta. Bishiya tana haɗa ta ne daga sukarin da ganye ya sarrafa da hasken rana da iska da ruwa, sukarin ya gangaro zuwa jijiyoyin madara da ke cikin ɓawo, a can ake mayar da shi roba. Sinadaran da taki ke bayarwa suna fita ne a cikin ruwan madarar da ƴan furotin ɗin da ke tare da ita, kuma ba su da yawa. Gonar da take ba da kimanin tan ɗaya da rabi na busasshiyar roba a hekta a shekara, naitrojin ɗin da ke barinta ta wannan hanya yana wajen kilo goma ne, fotashiyam ma kusan haka, fosfaras kuma bai kai rabin hakan ba. Gonar hatsi tana rasa ninkin-ba-ninkin wannan a girbi guda.

Ban da wannan, balagaggiyar bishiyar roba tana zubar da ganyenta sau ɗaya a shekara idan rani ya shigo, ta yi sabon toho bayan ƴan makonni. Kafin ganyen ya faɗi, bishiyar takan janye wani kaso na sinadaran da ke cikinsa ta adana a jikinta, ragowar kuma ya ruɓe a ƙasa saiwoyi su sake sha. Saboda haka gonar da ta rufe kai, wadda aka kula da ita tun tana ƙarama, kusan ciyar da kanta take yi. Wannan ne ya sa gwaje-gwajen da aka daɗe ana yi a Malesiya da Indiya da Tailan da Kwaddibuwa ba su zo da sakamako iri ɗaya ba. A wasu wurare an janye taki daga manyan bishiyoyi tsawon shekaru ba tare da madara ta ragu ba, a wasu kuma an ga ƙari, amma galibi ƙarin matsakaici ne, yana zuwa a makare, kuma ya fi bayyana a ƙasa mara ƙarfi ko inda ake tatsa da tsanani. Cibiyar Malesiya, wadda aka kafa a 1925, ta daɗe da barin shawarar taki ɗaya ga kowa, ta koma ba da shawara bisa gwajin ƙasa da na ganye, gona-gona.

Abin da binciken ya tarar

Da littafin awo aka fara, kuma nan take aka ga giɓi na farko. Ana haɗa madarar tudu da ta kwari a auna tare, kuma nauyin ruwan madarar ake rubutawa kullum, ba a raba shi da yawan busasshiyar robar da ke ciki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin madara tana iya ƙaruwa a ido alhali tsinkewa ta yi, robar da ke cikinta ba ta motsa ba. Haka kuma ba a rubuta ranakun da ruwan sama ya hana tatsa, bayan kuwa gonar da ta rasa ranakun tatsa da yawa a damina mai nauyi dole jimillarta ta faɗi ko da bishiyoyinta lafiya lau suke.

Daga nan aka shiga layuka da igiyar awo. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada a buɗe bishiya sai zagayen gangar jikinta ya kai santimita 50 a tsayin kimanin mita ɗaya daga ƙasa, kuma sai aƙalla rabin bishiyoyin fili sun kai wannan kauri. Bishiyoyin kwari sun cika sharaɗin a kan lokaci. Na tudu ba su cika ba, amma da yake shekarunsu ɗaya, kuma mai gonar ya gaji da kashe kuɗi shekara shida ba ya karɓar komai, sai aka buɗe su tare. Illar wannan tana daɗewa. Bishiyar da ba a fara tatsa ba tana iya ƙara santimita takwas zuwa goma a zagayenta a shekara, amma da zarar wuƙa ta hau ta, sukarin da za ta yi girma da shi ya koma cike gurbin madarar da ake kwashewa, ƙarin ya sauko zuwa santimita biyu ko uku. Siririyar bishiya tsagarta gajera ce, ɓawonta bai da kauri, zoben jijiyoyin madarar da wuƙa ke ratsawa kaɗan ne. Ashe tun ranar buɗewa tudun ya shiga tatsa da rauni, kuma raunin ya samo asali ne daga shekarun ƙuruciya da aka yi masa rowar taki a kan ƙasar da tsohuwar gona ta riga ta tsotse, domin gungumen da aka kwashe sun tafi da sinadaran da suka fi na madarar shekaru masu yawa.

Ɓawon ne ya ba da labari mafi muni. A tudu, idan mai tatsa ya ja wuƙa daga hagu ta sama zuwa dama ta ƙasa, maimakon farin layi ya biyo tsagar gaba ɗaya, sai a ga madara ta tsattsafo a wani yanki, wani yankin kuma ya tsaya a bushe, launinsa ya koma ruwan ƙasa. A wasu bishiyoyin ɓawon da ke ƙarƙashin tsagar ya fara tsattsagewa yana ɓamɓarewa. Wannan shi ne bushewar fuskar tatsa, kuma a mafi yawan lokuta ba ƙwayar cuta ke kawo ta ba, gajiya ce ta jijiyoyin madara. Shugaban masu tatsa ya bayyana cewa tun da madara ta fara raguwa aka umarce su su riƙa komawa kowace bishiya bayan kwana biyu maimakon uku, kuma aka ƙara yawan shafa maganin etefon a kan tsaga. Etefon, wanda aka fara amfani da shi a gonakin roba a ƙarshen shekarun 1960, yana sakin iskar etilin a cikin ɓawo, ita kuma tana jinkirta toshewar bakin jijiyoyi, madara ta daɗe tana zuba. Shi kansa ba ya ƙirƙirar roba, babban aikinsa tsawaita fitarta ne. Jijiyoyin suna buƙatar kwana biyu zuwa uku kafin su mayar da abin da aka kwashe, kuma idan aka haɗa yawan tsaga da yawan magani a kan bishiyar da ba ta da ajiyar sukari, ƙarshenta bushewa ne. Saniyar da ake tatsa safe da rana da yamma ba dusa ce kaɗai matsalarta ba.

An kuma lura da cewa wasu sababbin masu tatsa suna zurfafa wuƙa har su taɓa siririn ɓargon da ke tsakanin ɓawo da itace, wanda shi ne ke haifar da sabon ɓawo. Ƙwararre yakan aske abin da bai wuce milimita biyu ba a kowace tatsa, ya kuma bar kimanin milimita ɗaya kafin wannan ɓargo. Inda aka yi rauni, ɓawon da ya sake fitowa ya yi ƙulle-ƙulle, kuma a kansa za a dawo tatsa bayan shekaru bakwai ko fiye.

Sai a mataki na huɗu aka zo kan taki. An ɗebi samfurin ƙasa daga ɓangarorin biyu daban-daban, an kuma tsinko ganye daga ƙananan rassan da ke cikin inuwa bayan sabon toho ya ƙosa, wajen wata uku zuwa huɗu da fitowarsa, domin ganyen da bai ƙosa ba ko wanda ya tsufa yana ba da awo na yaudara. Ma'aunin da aka saba kwatantawa da shi yana neman naitrojin ya ɗan haura kashi 3 cikin ɗari na busasshen ganye, fotashiyam kuma ya kasance tsakanin kashi 1 da 1.5. Ganyen kwari ya isa a komai, naitrojin ɗinsa ma ya yi yawa, abin da ya yi daidai da nauyin rassan da iska ta karya. Ganyen tudu shi ma bai rasa naitrojin ba, amma fotashiyam ɗinsa ya yi ƙasa, magniziyam kuma yana bakin iyaka. Ido ma ya tabbatar da hakan: gefen ganyen ya yi rawaya sannan ya ƙone kamar an kara masa wuta, alamar ƙarancin fotashiyam, a wasu rassan kuma rawayar ta bi tsakanin jijiyoyin ganye ta bar su kore, alamar ƙarancin magniziyam. Ke nan takin da aka ninka ya ƙara abin da ba a rasa ba, ya bar abin da aka rasa.

Yadda aka zuba shi ma ya ɓarnatar da kaso mai yawa. An tara shi ne a gindin kowace bishiya, kamar yadda ake yi wa ƙaramin dashe, alhali ƙananan saiwoyin da babbar bishiya ke sha da su sun daɗe da yin nisa, suna shimfiɗe a tsakiyar layuka, a cikin ƙasar sama ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye. Yuriyar da aka watsa a kan busassun ganye ba tare da ruwa ya shigar da ita ƙasa ba, wani ɓangarenta ya tashi a iska, wadda kuma aka zuba a tsakiyar mamakon ruwa a kan rairayin tudu ta wanke ta wuce inda saiwa za ta kai.

Matakan da aka ɗauka

Shawarar farko ba ta yi wa mai gonar daɗi ba, domin ta ce a rage tatsa a daidai lokacin da yake neman ƙari. An mayar da tudu tatsar rabin zagaye, wato tsagar da ta tsaya a rabin zagayen gangar jiki, sau ɗaya a kwana uku, an dakatar da etefon a can har sai bushewar ta lafa, bishiyoyin da suka bushe gaba ɗaya kuma aka yi musu alama aka hutar da su. An daina tatsa a makonnin da bishiyoyi ke fitar da sabon ganye, tunda a lokacin ne ajiyarsu take ƙarewa a kan toho. An sake horar da sababbin masu tatsa, an kuma matsa a kan fara aiki da asuba, lokacin da matsin ruwa a cikin jijiyoyi ya fi ƙarfi.

Ta fuskar taki, an dakatar da naitrojin a kwari gaba ɗaya, aka bar gwajin ganye na shekara-shekara ya nuna ranar da za a dawo da shi. A tudu an koma kan fotashiyam, an raba shi kashi biyu, ɗaya a farkon damina lokacin da ƙasa ta jiƙe amma ruwa bai yi ƙarfi ba, ɗaya kuma wajen ƙarshenta, ana watsa shi a faɗin tsakiyar layuka. Magniziyam ya buƙaci taka-tsantsan ta fuska biyu. Idan aka ƙara fotashiyam shi kaɗai a ƙasar da magniziyam ɗinta yake bakin iyaka, saiwa takan rage shan magniziyam ɗin, ƙarancin ya fito fili. Idan kuma aka wuce gona da iri wajen ƙara shi, madarar takan rasa daidaito ta riƙa daskarewa da wuri a kan tsaga ko a cikin kofi, abin da masana'antun da ke sarrafa ruwan madara suke ƙi, har sukan zuba sinadarin fosfet don su kwantar da magniziyam ɗin kafin aiki. Saboda haka kaɗan aka sa, a tudu kawai. An kuma hana share ganyen da ya zuba da ƙone shi.

Mataki ɗaya da, a ganina, ya fi sauran daraja shi ne barin wasu layuka a kowane ɓangare ba tare da taki ba, a riƙa tara madararsu daban, mai tatsa ɗaya yana yin layin da aka sa wa taki da wanda ba a sa wa ba. Tunda an sauya tsarin tatsa da na taki a lokaci guda, in ba da waɗannan layuka ba babu yadda za a san wanne ne ya yi aiki, kuma mai gonar zai iya jingina duk wani ci gaba ga buhun da ya saya.

Abin da ya biyo baya

Shekarar farko jimillar tudu ta ƙara faɗuwa, kamar yadda aka yi tsammani, saboda raguwar ranakun tatsa da bishiyoyin da aka hutar. Abin da kowace bishiya ke bayarwa a tatsa guda kuwa ya ƙaru, madarar ta yi kauri, sababbin bishiyoyin da ke bushewa suka ragu. Wannan sauyi ya bayyana a layukan da aka sa wa taki da waɗanda ba a sa wa ba, wanda ya nuna cewa hutu ne ya kawo shi. Tasirin fotashiyam a ganye ya fara fitowa: tohon shekara ta gaba ya zo da ganyen da gefensa bai ƙone ba, kuma ya daɗe a kan bishiya kafin ya zube. Sai bayan haka bambanci ya fara bayyana a kofi tsakanin layukan tudu, bambanci na gaske amma matsakaici, wanda ya isa ya biya kuɗin fotashiyam ɗin, bai kai ga mayar da tudu daidai da kwari ba. Kaurin da bishiyoyin suka rasa a ƙuruciya bai dawo ba, kuma da wuya ya dawo muddin ana tatsar su. Wasu daga cikin bishiyoyin da aka hutar sun farfaɗo aka buɗe su ta ɗaya gefen, waɗanda ɓawonsu ya riga ya mutu kuwa sun zama na katako.

A kwari, layukan da aka hana taki ba su bambanta da maƙwabtansu ba a madara, kuma karyewar rassa ta ragu. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin hukuncin dindindin ba, domin ajiyar ƙasa tana da iyaka, kuma idan aka dawo da etefon a can, fotashiyam ɗin da ke fita tare da madara zai ƙaru. Gwajin ganye ne zai nuna lokacin.

Kuɗin da aka daina zubawa a kwari an karkatar da shi zuwa wani ƙaramin fili a gefen tudu da ake shirin dasawa, wanda shi ma ya taɓa ɗaukar roba. A wannan karon ba a ƙone ragowar rassa da ganye ba, an jera su a tsakanin layuka su ruɓe, sai dai an tone kututturan da ake zargin suna ɗauke da cutar farar saiwa, domin ita takan tsallaka daga tsohon kututture zuwa sabon dashe. An zuba garin dutsen fosfet a ramin dashe, wanda ya dace da ƙasa mai tsami irin wadda roba ke so, tunda tsamin ne ke narkar da shi a hankali. An shuka Pueraria da Mucuna bracteata, tsirrai masu yaɗo dangin wake, a tsakanin layuka don su rufe ƙasa su kuma tara naitrojin kafin inuwa ta rage ƙarfinsu, ana yanke yaɗonsu akai-akai kada su hau kan dashen. Takin dashen ana ba shi kaɗan-kaɗan sau uku ko huɗu a shekara, a da'irar da ke faɗaɗa daidai da faɗin rassa. Kowace shekara ana auna zagayen bishiyoyin da aka ware a rubuta, kuma an yi yarjejeniya da mai gonar cewa igiyar awo ce za ta faɗi ranar buɗe wannan fili, ko da ta kai shi shekara ta bakwai.